Maganar Ɗaki a Taron Suna

Shekaranjiya wata baiwar Allah ta turo saƙon murya a zauren da muke hirar littattafai a waya. Musu ake yi kan masu ɗaukar labarin wani su ɗora masa ci gaba da kansu, wasu na cewa ƙauna ce, wasu na cewa karambani. Tana buɗe baki na ji "wagga magana", na san tamu ce. Nan fa 'yan Kano da Zariya suka rufe ta da yabo, wai harshen yamma daɗi gare shi, a riƙa sa shi a rubutu. Wata ta tuna ni 'yar Jega ce, ta ce in rubuto musu wani abu da bakin tsofaffinmu. Wallahi sai na kife wayar a kan tabarma. Bari in gaya maka dalili, kada ka ɗauka iyayi ne.

Ina aji shida a firamare akwai wani wasan kwaikwayo da ake sawa a rediyo bayan la'asar. Rediyon kawuna ce, a rataye take a ƙusa ƙarƙashin rumfa. Duk 'yan wasan Hausar Kano suke yi, ban da wata tsohuwa mai sayar da albasa da ke magana irin tamu. Da ta fara, taɓarya sai ta tsaya, matan gidanmu su matso suna dariya suna cewa ga tamu nan. Rana ɗaya wasan ya ƙare, ba a ko gaya mana yadda tsohuwar ta ƙare ba. Abin ya ci mana rai.

Ina da ƙawa a maƙwabta, 'yar wani malamin makaranta, Kiristoci ne da aiki ya kawo su daga kudu. Ta fi ni son tsohuwar nan. Ita ta kawo shawarar mu sayi littafin rubutu mu ƙarasa labarin da kanmu. Na rubuta shafi uku, ta karanta ta yamutsa fuska, ta ce tsohuwata kamar littafin makaranta take magana, alhali ga kakata a gida. Daga ranar na zama ɓarauniyar magana. Sai in zauna a bakin ɗakin kaka da faifan shinkafa kamar ina tsinta, kunnena na ciki. Duk abin da ta faɗa in riƙe, in ruga bayan rumbu in rubuta.

Kaka tana da ƙane guda, manomi a Kuberi, can wajen Maiyama. Kowace Sallah yana zuwa da zabi biyu, ya kira ni amaryarsa, su zauna da kaka su yi ta hira har inuwa ta juya. Wata rana lokacin cirar albasa, gari duk ya ɗauki warinta, kaka da innata suna ɓarar gyaɗa a ɗaki, sai na ji muryar kaka ta yi ƙasa, tana maganar ƙanen nata da rasuwar uwarsu.

"Uwarmu kwana ukku tana kiran sunanai, shi yana hwadama yana dashen albasa. Sai da anka ruhe ta yaz zo, da laka ga ƙahwa. Ban taɓa hwaɗa mai ba, amma ban mance ba."

Ka ga wautar yarinta. Ni ban ji ciwo a maganar ba, daɗinta na ji. Na kwashe ta kaf na sa a bakin tsohuwar rediyo, har na ba ta ƙane manomi. Ƙawata ta ce nan ne wurin da ya fi ko'ina kyau.

Littafin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, har 'yar kawuna ta tafi da shi taron sunan da muka je a Aliero ban sani ba. Ina bakin rijiya ina wanke kwanoni na ji ta fara karantawa a tsakar gida, tana kwaikwayon murya. Mata suka kwashe da dariya, wata ta ce ai wannan tsohuwar Jega ce sak, har da yadda take jan numfashi. Na saki kwanon. Na san shafin da ke tafe, kuma ina hango matar ƙanen kaka zaune a kan turmi tana dariya tare da su. Da aka zo kan lakar ƙafa, dariyar ta mutu a hankali. Matar ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce za ta bi motar farko.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Mun taso ana gaya mana abin da bakin tsoho yake yi, wanda aka yi wa baki ba ya sake ganin daidai. Ko tari kaka ta yi sai in ɗauka bakin ne za ta yi mini. Innata ba ta dake ni ba, kuma wannan ya fi tsorata ni, don na gane abin ya wuce duka. Rana ta uku bayan azahar kaka ta aiko a kira ni da littafin. Ta ce in karanta. Na karanta hawaye na ɗiga a kan takardar, ina jiran kalmar da za ta lalata mini rayuwa.

"Ba ki ƙara ba, ba ki rage ba," in ji ta. "Amma ni cikin ɗaki niy yi ta."

Shi ke nan abin da ta ce. Na fita na cusa littafin a murhu. Ba ta yi mini baki ba, sai dai daga ranar in na shigo sai ta yi shiru, ta amsa gaisuwa ta ci gaba da jan carbi. Sallah ta zo, ƙanenta bai zo ba. Ta gaba ma haka. Takan sa a shimfiɗa tabarma a inuwar da suke zama, da yamma a naɗe, ba ta taɓa tambayar kowa ba. Da damina ta biyu Allah ya karɓi abarsa.

Ranar sadakar uku aka ce ƙanen kaka ya zo, yana kirana a zaure. Na tafi kamar mai zuwa wurin yanka, na ce bakin da kaka ta yafe mini yau zan karɓe shi. Na durƙusa nesa. Bai ce amaryata ba. Ya tambaya ko littafin yana nan. Na ce na ƙone shi.

"An ce in ana karatunai kamar ita ka magana," ya ce. "Ko zagin na, ina son in ji shi da bakinta. Ko kin riƙe?"

Na riƙe mana, kalma da kalma. Amma don tsoro na ce na manta. Ya gyaɗa kai ya sallame ni. Ban sake ganinsa ba har ya rasu.

Yau yaran gidanmu da Hausar fim suke magana, in na ce "munka" sai su yi mini dariya. Kowannensu na da waya, ko atishawa tsohuwa ta yi sai an ɗauka an ajiye. Kaka ba ta bar murya a ko'ina ba. Hirarta ta shekaru duk ta zube mini, tatsuniyoyinta, tsokanarta, addu'ar da take yi mana in za mu makaranta. Abin da ya rage a kaina daram shi ne maganar nan ta ɗaki, wadda na raba wa matan Aliero a banza, na hana mutum ɗaya da ya roƙe ni ita.