Hancin Mai Turaren Nyanya

Bayan an ɗage kullen korona, gari ya buɗe, magina sun koma kan dogayen benayensu, sai aka ɗora wa sashenmu wani aiki a hukumar lafiyar da nake ciki a Abuja. An ce mu bi sawun waɗanda suka kamu da cutar suka tashi, mu ji abin da ta bar musu: gajiya, haki, mantuwa, rashin jin ƙamshi, da yadda hakan ya taɓa sana'arsu da zaman gidansu. Akwai wani ɗaki da ake duba irinsu kyauta a asibiti duk ranar Laraba. In bincike ya nuna akwai masu fama, ɗakin ya ci gaba. In bai nuna ba, a rufe shi. Ni aka ba wa Hausawan Nyanya da na Dutse Alhaji, don a cewar shugabarmu mutanena ne, ba za su ɓoye mini komai ba.

Ba ta san mutanena ba. Tambaya ta farko a fom ɗin ita ce yaya jiki yanzu, kuma tun daga nan Bahaushe ya gama da kai. Na tarar da wani mahauci yana haki kamar ya yi tsere da babur, ya ce da sauƙi. Wani mai gyaran takalmi ya manta tambayar kafin in kai ƙarshenta, amma amsar ba ta ɓace masa ba. Wata dattijuwa a Dutse Alhaji tana kwance, ko zama ba ta iya yi, ta ce da sauƙi alhamdu lillahi, sannan ta tambaye ni nawa jikin don ta ga na rame. Na ce da sauƙi.

Ƙarya nake yi. Ni ma cutar ta kwantar da ni, kuma tun da na tashi hancina ya yi ritaya ba tare da sanarwa ba. Ban gaya wa kowa ba. Kullum na dawo gida sai in ɗaga hanci in ce wa matata tun daga bakin ƙofa nake jin ƙamshin miyarta. Wata rana na faɗi haka, ashe ko tukunya ba a ɗora ba, wanki take yi. Ta dube ni kawai ta ci gaba da matse riga.

Da aka yi mako uku, shugabarmu ta kira ni. A Abuja ta koyi Hausa, kuma tana juya ta yadda ta ga dama. Ta ɗaga tarin fom ɗina ta sake shi a kan tebur.

"Malam, wannan ba bincike ba ne, gaisuwa ne. Ka kawo mini ko mutum ɗaya wanda yana ciwo kafin mitin na Litinin, in ba haka ba oga zai kulle ɗakin nan."

Ranar Juma'a na tafi Nyanya. Saura mutum ɗaya a jerin sunayena, wani dattijo mai sayar da turare a gefen masallaci, kusa da tasha. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ne ya nuna mini teburinsa, ya kuma ba ni labari ban tambaya ba. Ya ce a da in mutum ya wuce, dattijon nan zai gaya maka turaren da ya shafa da wanda ya shafa jiya. Ban da turare yana sayar da man zaitun da man habbatus sauda da sauransu, duk a ƙananan kwalabe iri ɗaya, kuma bai taɓa manna wa kwalba takarda ba, hancinsa ya ishe shi. Amma kwanan nan, in ji mai shayi, masu saye sun ja baya, shi ma bai san dalili ba.

Muka gaisa da dattijon, na fito da fom. Ya ce da sauƙi. Na tambaye shi ko yana jin ƙamshi yadda ya saba, sai ya yi dariya ya nuna teburinsa, wai ana tambayar mai turare wannan? Na rubuta, jikina a sanyaye.

To mai turare ba ya barin baƙo ya tashi bai shafa masa ba. Ya zaɓo wata kwalba, ya buɗe, ya lumshe ido ya ja numfashi yana gyaɗa kai, ya ce wannan na manya ne. Ya ɗiga mini a bayan hannu. Na kai hanci, ban ji komai ba, kamar na shaƙi ruwan famfo. Sai ni ma na lumshe ido na ce masha Allah. Ya ce in jira ya zauna a jiki. Na jira, na sake shaƙa, na ce lallai yanzu ya fito. Muka yi ta yabon turaren nan ni da shi, muna ƙara wa juna. Na ga mai shayi ya ja bencinsa can gefe, na ɗauka rana yake gudu. Na sayi kwalbar, na wanke hannu na yi alwala.

Ranar Litinin na sa sabuwar shadda. Tunda ba ni da abin nunawa a mitin, na ce aƙalla in shiga da ƙamshi. A cikin mota, a harabar ofis, na juye kusan rabin kwalbar a wuyan riga da hula da gemu. A lif mutum huɗu suka fita a hawa na farko, alhali na san ofishinsu yana na biyar. Ɗakin taron kuwa a rufe yake ruf, na'urar sanyi tana ta zagaya iska. Ogan da ya zo daga ma'aikata ya fara jawabi, ya tsaya, ya ciro hankici. Shugabarmu ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta tambaya wane ne ya shigo da abinci. Sai na kusa da ni, idonsa na hawaye, ya raɗa mini cewa man tafarnuwa na shafa.

Kunya ta rufe ni, na so ƙasa ta tsage. Amma ina cikin sunkuyar da kai sai wani abu ya faɗo mini. Ni dai ban ji ba, na san dalili. Shi kuma dattijon da ya lumshe ido yana gyaɗa kai fa? Dariya ta kuɓuce mini a gaban oga. Na miƙe na gaya musu komai, har da batun miya da wanki. Shugabarmu ta toshe hanci da gyale ta turo mini fom da bakin biro, ta ce ga mutum ɗaya an samu, in cike a waje. Oga ya ƙara mana mako biyu, ina jin don in yi saurin fita ne.

Washegari na koma Nyanya ba fom ba jaka. Na zauna a bencin dattijon na ajiye kwalbar a gabansa.

"Baba, gafara na zo nema. Ranar Juma'a ƙarya na yi maka. Tun da na yi ciwon nan hancina ya mutu, ban ji komai ba."

Ya ɗauki kwalbar yana jujjuya ta. Na ce masa man tafarnuwa ne.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Irinta na shafa wa liman."

Muka yi dariya har mai shayi ya leƙo. Da dariyar ta lafa sai ya yi ƙasa da murya. Ya ce watanni ke nan yana lalube a cikin kwalabensa kamar baƙo, kuma ya riga ya yanke shawara bayan sallah zai tattara ya koma ƙauye. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Yallaɓai, mun kwanta da wasu, su ba su tashi ba. Da wane baki zan ce wa Allah hanci?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ni ma abin da ya rufe mini baki ke nan ban sani ba.

Daga ranar na sauya salo. Duk inda na je, ba na tambayar jiki, nawa nake fara shimfiɗawa, kamar na zo a yi mini jaje. Ashe haka ake buɗe bakin mutanena. Mahaucin ya ce ai nawa wasa ne, shi ko buhun gawayi ba ya iya ɗagawa. Dattijuwar Dutse Alhaji ta riƙe ni har la'asar. Fom suka cika har bayansu, ɗakin Laraba kuma bai rufu ba.

Ni na kai dattijon asibiti. Likita ta ce ya riƙa shaƙar kanumfari da ɓawon lemo safe da yamma, ko hancin zai tuna aikinsa. Ya fito yana mita, wai bayan tsufa za a sa shi makarantar shaƙa, amma ya yi. Muka ari hancin mai shayi, yana shaƙa ina rubutawa, muka manna wa kowace kwalba takarda. Sallah ta zo ta wuce bai tafi ba.

Da damina ta kankama, wata Juma'a na iske teburinsa ba kowa. Can na hango shi tsaye a bakin kwatar tasha, ya duƙa, mutane suna kauce masa. Ya ɗago, idonsa jajur, bakinsa har kunne.

"Yallaɓai, ashe haka garin nan yake wari?"

Nawa hancin har yau bai dawo ba. Duk Juma'a sai na biya ta wurinsa ya shinshina wuyan rigata kafin ya bar ni in shiga sahu. In ya tambayi hancina, na buɗe baki zan ce da sauƙi, sai ya ɗaga mini yatsa, in ce har yanzu shiru, Baba. Sai ya matsa mini a benci, ya buɗe wata kwalba, ya ja numfashi, ya fara gaya mini abin da ke ciki.