Ranar da Mama Ta Taɓa Bindiga

Har yau in na ji ƙanshin man keken ɗinki, bindigar babanmu ce ke faɗo mini a rai. Da man keken Mama yake goge ta duk Lahadi in an taso daga coci, ko tambayarta ba ya yi.

A shekarun nan gidanmu ne na ƙarshe a Unguwar Boro. Kada ka dubi yadda wurin yake yanzu. Daga bayan danganmu sai gonakin masara, sai daji. In ka yi ihu, kafin maƙwabci ya ji muryarka ta dushe. Shi ya sa Baba ya kawo bindigar toka daga ƙauye, ya rataye a bangon ɗakinsa. Sai dai da doka: mace ba ta taɓa ta. Wai in hannun mace ya hau kanta bindigar ta mutu ke nan, ba za ta ƙara tashi ba. Kaka, mahaifiyar Baba, ta fi kowa tsare dokar nan. Ko shara nake yi a ɗakin, tana bakin ƙofa tana lura da tsintsiyata.

Ga abin haushin. Baba a masaƙa yake aiki a Kakuri, in ya fita da sassafe sai faɗuwar rana. Mai bindiga ba ya gida, mu da ke gida kuma an ɗaure mana hannu.

Wata rana da damina, masara ta fi mutum tsawo, yayyena maza suna makaranta, sai ga ƙarti uku sun fito daga gona da adduna, rana tsaka. Keken Mama suke so, keken da ke ciyar da mu duk sanda masaƙa ta tsaya. Mama ta rungume shi, ɗaya ya sare ta a damtse. Ta saki, ta ruga ɗakin Baba. Sai na ji Kaka na kururuwa, kuma ba da ɓarayi take ba: "Kar ki taɓa! Kar ki taɓa!" Mama ta fito da bindigar, jini na bin gwiwar hannunta, ta auna ƙirjin na gaba. Suka yar da keken suka faɗa masara.

Da Baba ya dawo muka tare shi, kowa na rige-rigen ba da labari. Ya wuce mu, ya leƙa ɗaki, ya fito.

"Wa ya sauke ta?"

"Ni ce, Maigida. Ɓarayi ne suka…"

"Kin kashe mini bindiga."

Ko kallon tsumman da ke damtsenta bai yi ba. Matar wani makanike Inyamuri da ke kusa da mu, ita ta kai ta asibiti aka ɗinke wurin.

Washegari ya kira wani tsohon maharbi ya wanke bindigar. Tsohon ya ce sai da jan zakara. Zakara ɗaya ne a gidan, na Mama, wanda take kiwo saboda Kirsimeti. Aka yanka, aka ɗiga jinin a bakin bindiga. Mama aka sa ta fige ta dafa, da hannun da ke ciwo. Maza suka baje a gindin mangwaro suka cinye tas, wai naman bindiga mace ba ta ci. Mutanen da ke zama a layin gaba a coci fa! Na tsaya ina kallon romo na bin haɓarsu. Ban taɓa jin ƙyamar manya ba sai ranar.

Yanzu gonakin sun zama gidaje, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Baba ya rasu, tsatsa ta cinye bindigar. Amma in an taru, har yau yayyena na ba 'ya'yansu labarin ranar da bindigar Baba ta kori ɓarayi uku. Bara haƙurina ya ƙare, na ce su faɗi wanda ya riƙe ta. Mama ta dafa gwiwata.

"Rabu da su," ta ce. "Ni ko inda ake dannawa ban sani ba. Ba wanda ya taɓa nuna mini."