Zoben Hancin Phulmani

Kullum kafin mai shayin bakin ƙofa ya hura wuta, Didi Sushila Toppo ta riga ta buɗe ɗakin na'urar maganaɗisu a wani asibitin ƙwaƙwalwa da ke Ranchi, a Indiya. Shekara goma sha biyar tana ɗora na'urar saman kunnen hagun masu jin muryoyin da ba wanda ke ji sai su. Na'urar ta yi ta ƙas-ƙas minti ashirin, ko muryoyin za su lafa. Wasu sukan sami sauƙi, wasu ko kaɗan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa haka ba.

Dokar ɗakin ɗaya ce: ba a shiga da ƙarfe a ka. Tana sabuwar hannu aka kawo mata Phulmani, wadda muryoyi ke ce mata mijinta zai mutu.

"Cire zoben hancin nan, ƙanwata, mutane na jira," in ji Didi.

Sauri ya mantar da ita cewa a ƙauyen su Phulmani mace ba ta cire shi sai ranar da miji ya rasu. Phulmani ta rufe hanci da gefen zanenta na sari, ta fita a guje. Ba ta sake dawowa ba.

Tun daga ranar Didi ta sauya salo, in an kawo mai zoben hanci, sai ta leƙa baranda ta kira mijin matar.

"Maigida, taunar ganyen nan ta isa haka, shigo! Cire mata da hannunka, ka tsaya inda za ta riƙa ganinka da rai."

"Didi, ni fa injin nan tsoro yake ba ni."

"Kwantar da hankalinka. Naka kan me ke ciki da za a taɓa?"

Mata da yawa sun zauna a kujerar na'urar albarkacin wannan dabarar. Abin kunya, mu abokan aikinta da muka gani ko sannu ba mu ce mata ba, sai yanzu da za ta ajiye aiki.

Didi, ke ce mai gyara kuskure da hannunki. Mun gode, ko da mun makara. Masu tasowa, ku koyi tambaya kafin ku ba da umarni.

Ranar ban kwana wani likita ya tambaye ta mutum nawa ta yi wa magani.

"Ban ƙirga ba, likita," in ji ta. "Ɗaya dai na sani, ita ma ba ta zauna a kujerar ba."