Shekarar da Jinin Matata Ya Yi Ƙasa

A shekarun tawaye ina koyar da shimi, ilimin sinadarai, a wata lakwal, wato makaranta, a Arlit. Kasuwar yuraniyum ta faɗi, ana ta sallamar ma'aikata, fari kuma ya cinye dabbobin karkarar Dannet, har hanta ta zama abin nema a wurin mahauta.

Matata ta haihu, ta zubar da jini mai yawa. Bayan suna sai na ga tafin hannunta ya yi fari fat, in ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Likita ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, sannan ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal.

"Mushe, jininta ya yi ƙasa sosai. Ƙwayar ƙarin jini take buƙata, tamu kuwa ta ƙare."

"A ɗebi nawa a ƙara mata."

Aka gwada, jininmu bai zo ɗaya ba. Ya ce mu jira motocin Agadas, waɗanda ba sa tasowa sai da rakiyar soji.

A makon nan darasina ya faɗo kan hem, wato ɗan sinadarin da ke sa jini ja, yake kuma ɗaukar iskar da muke shaƙa. Na tsaya gaban allo muna lissafin nauyinsa da ɗalibai: karbon talatin da huɗu, idrojan talatin da biyu, azot huɗu, oksijan huɗu, sai ƙarfe guda a tsakiya. Muka tara, ya ba da ɗari shida da goma sha shida, hamsin da shida kawai na ƙarfen ne, shi ne kuwa ke cikin ƙwayar da matata take buƙata. Na ja layi ƙarƙashin amsar, na kasa ci gaba, na sallame su tun kafin a buga ƙararrawa.

Na bi unguwar Akokan shago shago neman ƙwayar, babu. Wata maƙwabciyarmu 'yar Tawa ta riƙa dafa wa matata busasshen zogale da wake.

"Malam, zauna ka huta," in ji matata. "Yawon nan ba zai kawo motar ba."

Da motocin suka iso, shinkafa da man gazuwal suka kawo, babu ƙwayar. Yayan matata ya ce a sa ta cikin masu komawa, ya kai ta gida Damagaram. Na ɗora ta bisa buhunan wofi, na miƙa mata jaririyar, ta kasa riƙe ta, sai wata tsohuwa ta karɓa.

Ta warke a can, a hankali. Nononta dai ya ƙafe a hanya, ƙanwarta ce ta shayar da yarinyar. Ni ban samu motar bin su ba sai da aka rufe lakwal.