Duwatsun Barmo a Utah

Ishawu da bakinsa yake ba da labarin yadda wandonsa ya tsage a jihar Utah ta Amurka, lokacin da ya ɗaga ƙafa zai hau wani jan dutse don a ɗauke shi hoto. Yana ba da shi a kowane taron suna a unguwarsu ta Harlem, har da kwaikwayon ƙarar. Abin da ya faru bayan nan ne ba ya so a tambaye shi.

Shi da Barmo suka yi tafiyar, a bazarar 2016, za su kai wa Abiba 'yar Ishawu mota a Phoenix. Barmo tela ne a titin 116, mutumin Tawa, ba ya son yawan magana. Kafin ya zo Amurka ya yi shekaru yana yaron mota a hanyar Agadas zuwa Dirku. Ɗinkinsa ba ya makara, kuma shi kaɗai ne yake iya zama da surutun Ishawu tun daga azahar har magariba ba tare da ya kore shi daga shago ba.

Da suka shiga ƙasar kwazazzabai suka ajiye mota, suka bi wata 'yar hanyar ƙafa. Can sai ga tarin ƙananan duwatsu, an ɗora ɗaya kan ɗaya. Barmo ya tsaya cak. Ya cire hula, ya karanta fatiha, ya ɗauki dutse ya ƙara a kai. A hamadar da ya sani, haka ake yi wa matafiyin da ya mutu a hanya.

Ishawu kuwa ya riga ya karanta allon da ke bakin hanyar: duwatsun alama ce kawai don kada masu yawo su ɓata. Bai faɗa ba. Ya ciro waya. Barmo yana tsayawa a kowane tari, shi kuma yana bin sa a baya yana ɗauka, yana danne dariya. Da suka hau inda waya ke kamawa, ya tura wa 'yan majalisarsu na Harlem, mutanen da Barmo yake ɗinka wa kaya.

Wayar Barmo ta fara ƙara. Ya duba, ya ga bidiyon kansa, ya daɗe yana kallo, ya mayar aljihu. Ishawu ya matso kusa da shi, baki ya riga ya saba.

"Haba Malam Barmo, wasa ne. Ba kowa a ƙarƙashinsu fa. Turawa ne suka jera."

Barmo ya sunkuya ya zaɓi wani dutse, ya share masa ƙasa da hannun riga.

"Na gane tun da nisa, Ishawu. Ƙanena yana cikin hamadar Tenere, ba wanda ya san inda ya faɗi, balle a sa masa dutse. Shi nake sa wa. Kai kuma ranar taka, ka kwantar da hankali, za a sami mai ɗauka a waya."