Tayar da Yaya Ya Kawo daga Kumasi

Duk wanda ya saba wucewa ta layin masu faci na Zongo da sassafe ya san ƙarar babur ɗin Meimuna. Ba irin na 'yan zemijan ba ne, masu ɗaukar fasinja a cikin Lome. Dogo ne, siriri, ƙafar gabansa ta fi ta baya girma, irin wanda aka ƙera don hanyar daji, sai dai injinsa ƙarami ne. Ita kuwa gajeruwa ce. In za ta tsaya sai ta zame gefe ɗaya na sirdi kafin yatsun ƙafarta su taɓa ƙasa. Samarin bakin titi sun daɗe da daina yi mata dariya. Tanti Moto suke ce mata, wato inna mai babur, su kuma ba ta hanya.

Babur ɗin na mijinta ne, marigayi Salifou, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura. In zai dawo yakan riƙo mata wagashi, cukun nan mai laushi da matan Fulani ke rinawa da jan karan dawa, ita kuma ta sayar a ƙofar gida. Da ta fita takaba dangi suka zauna suka ce a sayar da babur. Ta ce a bar mata. A filin ƙwallon bayan makaranta ta koyi tuƙi, Tchakoura mai faci, abokin marigayin, yana biye da ita da gudu yana ihun ta saki kulos a hankali. Kafin shekara ta zagayo ita ke zuwa ruga da kanta, tana kai wa masu abinci a unguwannin Tokoin da Hanoukopé.

Mutum ɗaya ne bai haƙura ba, yayanta Abubakar Siddiƙ, ɗan kasuwa mai kai da kawo tsakanin Lome da Kumasi. Ya ce matan Lome na hawa babur, ya sani, amma na zuwa kasuwa, ba na shiga daji ba. Bai yi faɗa ba, don ba halinsa ba ne. Shiga gidanta kawai ya daina. Yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya tambayi lafiyar yara, ya juya. Kayan sallah ta hannun matarsa yake aikowa. Meimuna ta sha cewa a ranta da ma zagi ya yi, da tuni an wuce wurin. Haka aka yi ta tafiya, har 'yarta Ruƙayyat, wadda aka bari tana ƙarama, ta shiga jami'a.

A waɗannan shekaru ta san hanya kamar tsakar gidanta. Ta san ruwan farko ya fi kowane ruwa haɗari a kan kwalta, domin yana taso da man da motoci suka zubar tun rani. Ta san farin fentin titi santsi gare shi in ya jiƙe, kuma ba a bin bayan tirela, ba a yarda da kududdufin da ba a ga gindinsa ba. In ta sauka daga kwalta bayan garin Tsévié ta shiga jar ƙasa, sai ta rage wa tayoyi iska kaɗan, ta sa giya ta biyu, ta bar birkin gaba ya huta. Ta faɗi, ba sau ɗaya ba. Akwai tabo a gwiwarta wanda ba ta taɓa nuna wa kowa a dangi ba.

Ana gab da shiga damina, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana tsakar gida tana dafa wagashi a ruwan gishiri sai ta ji sallama. Kafin ta tashi ta je ƙofa kamar yadda ta saba, sai ga Abubakar Siddiƙ ya shigo har ciki, da sabuwar taya rataye a kafaɗa, ta ɓata masa farar riga da baƙi.

"Ga shi," ya ce, ya jingine ta da bango. "Na ga taki ta baya ta suɗe. Tunda kin ƙi bari, gara ki hau abin kirki."

Ta durƙusa ta yi godiya. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya zauna, ya sha ruwa, har ya ci soyayyen wagashi da yaji, ya ce gishiri ya yi kaɗan. Bayan ya tafi ta daɗe tana shafa tayar. Kyakkyawa ce, ƙatuwa, haƙoranta manya kamar na tayar tarakta.

Washegari ta kai wa Tchakoura. Ya juya ta, ya goge gefenta da babban yatsa, ya karanta lambobin, ya dubi na tsohuwar tayar.

"Hajiya, wa ya sayo wannan?"

"Yaya."

"Alhaji da kansa? Ikon Allah." Ya nuna mata lambobin. "To duba nan. Lambar ƙarshe, sha takwas, daidai take da taki, za ta hau wili. Amma ta farko ita ce faɗi. Taki ɗari, wannan ɗari da ashirin. Ta fi faɗi, ta kuma fi tsayi. Ke da da ƙyar kike taɓa ƙasa, yanzu sai mun sayo miki tsani."

"Baba Tchakoura, za ta juya ko ba za ta juya ba?"

Ya ɗaura ta don ta gani da idonta. Ta juya. Sai ya kama hannunta ya kai tsakanin tayar da ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya. A da yatsu biyu ke shiga wurin. Yanzu ƙaramin yatsanta ma da ƙyar.

"A kwalta lafiya lau," ya ce. "Amma wannan ɗan filin shi ne ƙofar da laka ke fita. Kin toshe ƙofa. Ki mayar masa ya canzo."

"In ce masa me?"

"Ki ce ta yi yawa."

Ta girgiza kai. A Zongo ba a auna kyautar babba, balle a mayar. Ko hula aka ba ka ta yi maka yawa, sawa kake ka je ka nuna. Wannan kuma ba kyauta ce kawai ba, ita ce ta shigo da yayanta cikin gida. Tana tsoron in tayar ta fita, shi ma ya koma bakin ƙofa.

"Bar ta a kai," ta ce.

Tchakoura ya ɗaure ƙusoshi. Tsohuwar dai bai jefar ba, ya rataye ta a ƙusa cikin rumfarsa.

Da farko ba abin da ya faru. Babur ya ƙara tsayi, ta koyi neman dutse ko bakin kwata kafin ta tsaya. Abubakar Siddiƙ kuwa ya mayar da gidanta wurin zuwa duk Juma'a. Yakan tsaya kan babur ɗin ya ɗan doki tayar da ƙafa, ya ce, "Kin ji yadda take riƙe ƙasa?" Ta ce, "Sosai, Yaya."

Ranar da abin ya zo, ta bar ruga da hantsi, robar wagashi ɗaure a baya, hadari na haɗuwa ta gabas. Ta yi zaton za ta riga shi kai wa kwalta. Ba ta riga shi ba. Ta tsaya ta sa rigar ruwa, ta jira ƙarfinsa ya wuce a gindin wani mangwaro, sannan ta ci gaba cikin yayyafi. Wannan ne lokacin da jar ƙasa ta fi mugunta: ba ta bushe ba, ba ta kuma narke ta zama ruwa ba, sai ta yi danƙo kamar tuwon rogo.

Ba ta yi nisa ba ta ji babur ya yi nauyi. Inji na gurnani, tafiya na raguwa, sai ƙaurin kulos ya taso mata. Kafin ta nemi wurin sa ƙafa, ƙafar baya ta tsaya cak, babur ya kwanta a hankali, ita ma ta bi shi. Ba ta ji ciwo ba. Ta fara duba robar, ta ga murfi bai buɗe ba, sannan ta duba tayar. Ba a ganin haƙori ko ɗaya. Laka ta cika tsakaninta da ƙarfe, ta cushe har kan sarƙa, ta daskare.

Ta karyo reshe ta durƙusa tana ƙwaƙulewa. Da tayar ta juya sai ta hau, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake cushewa, ta sake sauka. Tun tana jin haushi har ta daina. Ta soke reshen a ɗaurin kaya ya zama abokin tafiya. Inda ta ga ciyawa a gefen hanya sai ta bi ta kai, inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa sai ta shiga don ya wanke mata. Ta yi azahar a bakin wata gonar masara, ta yi la'asar ba ta ga kwalta ba tukuna. Wayarta ba ta kama komai a wannan kwari. Abin da ke ranta duk tsawon hanyar ɗaya ne: in ta isa gari, ta fara biyawa wurin masu wankin mota a wanke tayar tas kafin wani ya gani.

Ba ta samu yin haka ba. Tana shigowa layin masu faci, rana ta yi ja, ta hango farar riga a rumfar Tchakoura. Abubakar Siddiƙ ne tsaye da lema a hannu. Ruƙayyat ce ta kira shi da ta ga uwarta ba ta dawo ba. Ba halin wucewa. Ta tsaya, ta nemi dutse da ƙafa, ta cire hular kwano.

"Sannu," ya ce. Ya dube ta daga sama har ƙasa, laka har gira. "Kin ji ciwo?"

"Lafiya ƙalau, Yaya. Hanya ce ba kyau."

"Hanyar da kika yi shekaru kina bi?"

Bai jira amsa ba. Ya tattare riga ya tsuguna a bayan babur. Ya ga reshen, ya ga lakar da ta rage a maƙale, ya ga gefen sabuwar tayar inda sarƙa ta goge shi har yana ƙyalli. Ya kai yatsa tsakanin tayar da ƙarfe, yatsan ya ƙi shiga. Tchakoura ya duƙufa kan wani tiyub a cikin bahon ruwa kamar bai taɓa ganin tiyub ba.

"Tchakoura."

"Na'am, Alhaji."

"Ka san haka za ta yi?"

"Na sani."

"Ka kuma ɗaura?"

"Mai babur ta ce a ɗaura. Ni da ba ni da yaya a Kumasi, ina ruwana?"

Abubakar Siddiƙ bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dubi ƙanwarsa. "Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta sunkuyar da kai. Ta tabbata abin da zai biyo baya shi ne maganar sayar da babur, ko kuma shirun nan nasa da ta sani.

"Yaya, shekara nawa ba ka tsallako ƙofata ba. Ranar da ka shigo da ita a kafaɗa, da wane bakin zan ce ta yi faɗi?"

Ya daɗe a tsugune, ruwa na ɗiga daga bakin rumfa a kan takalminsa.

"Mai shagon ya tambaye ni lamba," ya ce a hankali. "Na ce masa sha takwas, don ita kaɗai na taɓa hangowa daga bakin ƙofa. Ya fito da iri uku. Na ce ya ba ni wadda ta fi girma. Na ɗauka girman ne ke hana mutum faɗuwa." Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Ina tsohuwar?"

Tchakoura ya nuna ƙusa da haɓa.

"Sauko mini da ita. Ni ba zan riƙe lambobinku ba. Gobe in kai ta kasuwa a hannu, a ba ni 'yar'uwarta." Ya rataya ta a kafaɗa, rigar da ma ta riga ta ɓaci. "Ke kuma bar babur ɗin nan, mu je gida. Akwai abin da ya tsira a robar nan, ko duk kin ba laka?"

"Duk yana nan, Yaya."

"To a soya. A sa gishiri wannan karon."

Washegari kafin azahar ya dawo a bayan ɗan zemijan da tayoyi biyu, tsohuwa da sabuwa. Ya tsaya a kan Tchakoura har aka ɗaura, ya sa yatsunsa biyu a wurin da kansa, suka shiga. Bai taɓa cewa ya yarda da zuwanta daji ba, har yau. In hadari ya haɗu yakan kira ta ya yi ta mita.

Ƙatuwar tayar ba ta bar gidan ba. Meimuna ta wanke ta, ta kwantar da ita a ƙofar gida, ta ɗora bahon wagashin da take sayar wa 'yan unguwa a kai. Bahon ya zauna daram, ko akuya ta ture shi ba ya motsi. Duk Juma'a in Abubakar Siddiƙ zai shiga, sai ya ɗan doke ta da ƙafa, ya wuce ciki.