An Gama Nan, A Yi Sallama

Shekara shida ke nan da muka rako gawar Saude zuwa Masallacin Harami, aka yi mata salla bayan La'asar, maza suka shige da ita maƙabartar Baƙi'a, mu mata muka tsaya a bakin shinge muna leƙe. Saude ɗiyar kawuna ce, taubashiyata. Ita ɗiyar namiji, ni ɗiyar mace, saboda haka tun muna yara a Katsina ta raɗa mini "baiwata", har na yi furfura ina aikin ungozoma a wani asibiti a nan Madina ban samu 'yanci ba. Kowace shekara in watan rasuwarta ya kama nakan yi mata addu'a in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama. Ina wurin aiki hankalina na gidanta a unguwar Ƙuba, ina Ƙuba hankalina na filin jirgi. Aikin mijinta ya ƙare, iƙamarsu, wato takardar izinin zama, za ta ƙare bayan Babbar Salla, za su tattara su koma Katsina gaba ɗaya, kuma ni aka ɗora wa in gaya wa ɗanta Anas.

Wanda bai san Anas ba zai ce, to mene ne abin wahala a gaya wa saurayi ɗan shekara goma sha tara za a yi tafiya? Anas ba ya ɗaukar canji yadda ni da kai muke ɗauka. Kofin shayinsa kawai in aka sauya, ranar gidan babu zaman lafiya. Likitocin nan suna kiran abin tawahhud, a gida kuma na ji 'yan jarida na cewa galahanga. Saude in aka tambaye ta me ke damun yaron, sai ta ce, "Sunansa Anas, abin da ke damunsa kuma hayaniyarku ce." A Madina aka haife shi. In ban da Makka da aka gwada kai shi sau ɗaya aka sha wuya, bai taɓa kwana a wani gari ba.

Iyayensa sun gwada makaranta, kuma malaman sun yi iya yinsu. Amma ƙararrawa na bugawa sai ya shige ƙarƙashin tebur ya toshe kunne. Haruffa kuma yawo suke yi masa, ba da ta da sa duk abu ɗaya ne a idonsa, ɗigon sama da na ƙasa bai ga bambancinsu ba. Wata rana ta je ɗauko shi ta tarar ya ciji hannunsa har jini. Ta riƙo shi suka dawo gida, ta ture kujerun falo, ta shimfiɗa tabarma, ta ce daga yau nan ce makaranta. Dama malamar firamare ce kafin aure ya kawo ta Saudiyya. Na ce, "Ke Saude, kin san abin da kika ɗauko kuwa?" Ta ce, "Baiwata, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Miƙo mini farantin can."

A farantin ta zuba ɗanyar shinkafa, ta kama yatsansa suna zana harafi a ciki. Ɗigo kuwa ƙwallon dabino ne. In ya ajiye ɗaya a ƙasa, ba ce. In ya ajiye biyu a sama, ta ce. Abin da ido ya kasa rabewa sai hannu ya rabe. Dokar makarantarta ita ce kowane darasi sai ya bi ta baki, ya bi ta hannu, ya bi ta ƙafa. Na ƙafar shi ne na ranar Asabar, su fito da safe su taka har masallacin Ƙuba, kowane shago suka zo sai ya tsaya ya karanta allon sunansa. A tsakiyar hanya akwai baƙala, wato shagon kayan masarufi, ta Baba Abakar, wani Bahaushen Chadi mai haƙuri, wanda yakan bar masu saye suna jira har Anas ya gama haɗa kalmar "madara" da bakinsa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Sun daɗe kam. Sai da yaron ya kai shekara goma kafin ya karanta Fatiha daga takarda, ranar kuwa ta kira ni a waya tana dariya tana kuka, na ɗauka wani abu ne ya faru.

Kada in yi wa mamaciya ƙarya don ba ta nan, gidan ya ji jiki. Saude ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, har matan 'yan Najeriya na nan suka ce girman kai ne. Baban Anas, injiniya ne a filin jirgi, sau tari ya dawo aiki ya tarar shinkafar da za a dafa ita ce a faranti ana karatu da ita. Ƙanwar Anas, Ruƙayya, tana ƙarama ta taɓa kwanciya a ƙasa tana toshe kunne irin na yayanta, ko ita ma za a kula ta. Wannan ya ƙona wa Saude rai ƙwarai, har ta ware wa yarinyar yammacin Alhamis nata ita kaɗai, ni kuma baiwa aka bar ni da gadin Anas. Masu ba da shawara kuwa ba a magana. Wata ta ce aljanu ne, wata ta ce baki ne, wata ta ce a kai shi ƙauye a yi masa na gargajiya. Ta kan saurare su tsaf, ta ba su shayi, ta raka su bakin ƙofa. Addu'a ba ta bari ba, zamzam bai yanke a gidan ba, amma farantin ma bai koma kicin ba.

Shawara ɗaya ce ta so ta raba kan gidan. An ce musu harshe biyu ya yi wa yaron yawa, a bar Hausa, a riƙe Larabci tunda a nan zai rayu. Baban Anas ya ga kamar da gaskiya a ciki. Saude ta ce atafau. Ta ce Larabci zai koya a allon shago da bakin Baba Abakar, amma ita ba ta iya rarrashi da Larabci ba, ba ta iya faɗa da shi ba, in ta bar Hausa rabin uwa za a bar wa yaron. Ta kuma ce baƙo raɓa ne, wanda ke zaune da iƙama bai kamata ya manta hanyar gida ba. A lokacin na ɗauka kafiya ce irin ta gidan kawu. Yau ga shi duk 'ya'yanmu da aka haifa a nan, ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, Ruƙayya ma "Khala" take ce mini maimakon inna. Anas ne kaɗai ke Hausa, kuma Katsinancin uwarsa sak.

Na ce sak, don ba irin namu yake magana ba. Abin da ya ji daga bakinta shi yake ajiyewa, ya fito da shi yadda ya shiga, har da muryar. In yana jin ƙishi sai ya ce, "Anas, kana son ruwa?" In na shigo gidan sai ya ce, "Baiwata, kin makara." Makon farko bayan rasuwarta da ya faɗa mini haka, wallahi sai da na waiga ina neman ta. Cutar da ta kama ta ba ta ja ta da nisa ba, kuma masu gaisuwa kowa cewa yake ta dace, ta samu Baƙi'a. Na yarda ta dace, ina kuma roƙa wa kaina irin tata. Amma ranar na ji kamar in ce musu, to shi yaron fa, shi da wa ya dace?

Akwai wata magana da ta gina makarantar a kanta. Tun da ta lura barin abu ya fi masa wuya a kan fara shi, sai ta ƙirƙiro kalmar rufewa. Ko karatu ne, ko wanka, ko tsayuwa a baƙala, in lokaci ya yi sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "An gama nan. A yi sallama. Ɗauki takalminka." Sai ya ɗaga wa abin hannu, ko da faranti ne, ya tashi ba kuka. Bayan ta rasu mun gwada, ni da babansa. Bai karɓa daga bakinmu ba. Kallon gefenmu kawai yake yi, kamar mun sa zanen da ba namu ba.

Da Saude za ta leƙo Ƙuba yau, anya za ta gane hanyar makarantarta? An faɗaɗa, an gyara, an shimfiɗa dutse, wurin ya yi kyau, ba na musu. Amma baƙalar Baba Abakar ta tafi da wasu shagunan, shi ma an ce ya koma wajen 'ya'yansa. Har yau in Anas ya zo daidai wurin sai ya tsaya ya karanta allon da babu shi, harafi harafi, masu ziyara na ratsa shi suna kallonsa. Na san za ta yi murna da cibiyoyin da aka buɗe wa irin waɗannan yara, da darussan da iyaye ke samu a waya yanzu, abin da ita ta yi ta lalube a duhu. Na kuma san bakinta, za ta ce waya ba ta da ƙafa, a tashi a taka da yaro. Abin da ban sani ba, kuma shi ke hana ni sukuni, shi ne yadda za ta koyar da wannan darasin. Yaron da shago ɗaya ya ɓace masa ya yi mako ba ya cin abinci sosai, yaya za a ɗauke masa gari guda?

Baban Anas ya same ni a unguwar Uhudu inda nake zaune, ya ce, "Hajiya, ni na kasa. In na ce masa za mu gida, sai ya nuna mini ƙofar ɗakinmu." Gaskiyarsa. Mu in mun ce gida Najeriya muke nufi, Anas kuwa gida shi ne hawa na biyu a Ƙuba. Na ce ko a bar mini shi? Ya ce da wace takarda, kuma ni ma shekaruna nawa suka rage a aikin? Sai na ɗauko dokar uwargijiyata Saude. A baki, na yi ta faɗa masa Katsina, Katsina, ga kakarka, ga gidan kawu. A hannu, muka haɗa akwati muka kwance, muka sake haɗawa, Ruƙayya na taya mu tana tsintar Hausa daga bakin yayanta, don ita ma tsoron ya kama ta. A ƙafa, na kai shi filin jirgi muka tsaya muna kallon masu Umara suna jan kaya. Ya karanta duk allunan da idonsa ya kai. Da muka fito na tambaye shi ina za mu bayan Salla, ya ce, "Ƙuba, ranar Asabar."

Juma'ar da ta wuce muka je Baƙi'a, ni da Anas. Anas namiji ne, yana da ikon shiga, amma ba ya shiga. Inda muka tsaya ranar farko, nan yake tsayawa, a bakin shinge tare da ni. Kabarin ba suna, ba alama, ni kaina ban san wanne ne nata ba. Na yi sallama, na yi addu'a, sai kawai na ji ina yi mata faɗa a fili kamar tana gabana. Na ce, "Saude, kin bar mini aikin da ya fi ƙarfina. Za a tafi da ɗanki, ke kina nan, ni kuma ban iya gaya masa ba." Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ranar jana'iza. Tattabaru na ta sauka suna tashi, mutane na wucewa.

Sai na ji hannu a kafaɗata. Anas, wanda ba ya taɓa mutum in ba dole ba. Bai dube ni ba, cikin maƙabartar yake kallo. Ya ce da muryar nan ta uwarsa, "Baiwata, an gama nan. A yi sallama. Ɗauki takalminki."

Takalminki ya ce. Shekara da shekaru yana maimaita maganar uwarsa yadda ta shiga kunnensa, ban taɓa jin ya juya ta ta dace da wani ba sai ranar. Sannan ya ɗaga hannu ya yi wa Baƙi'a sallama, ya juya ya kama hanya, na bi shi a baya.

Ba zan ce ya gane Katsina ba. Wataƙila a jirgi a sha fama, wataƙila ya yi wata yana neman hanyar Ƙuba a Ƙofar Ƙaura ta Katsina, kuma har yanzu in na tuna gabana faɗuwa yake. Saude ba ta bar makaranta mai suna ba, ɗalibinta ɗaya, ko takardar shaida bai samu ba, farantin ma ya koma kicin. Amma ta bar yaro mai karanta allo, mai harshen da zai nemi ruwa da shi a gidan kakarsa, wanda ya san cewa mai kuka dafa shi ake yi. Allah Ya jiƙanki, uwargijiyata, Ya sa makwabtakar da kika samu ta amfane ki. Darasin da na ce ban iya koyarwa ba, ɗalibinki ne ya koya mini shi a bakin shinge, kuma na ɗauki takalmina.